Karmann Ghia Type 14 ko Type 34: wacce ta cancanci a saya a ajiye?

Ɗan Pantami, Gombe

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san tsoffin motocin Volkswagen masu inji a baya. Karmann Ghia biyu ne a kasuwa, kuɗin kuma na guda ɗaya ne.

Ta farko tana nan Gombe. Type 14 ce rufaffiya, sitiyari a hagu, lambar shasinta ta fara da 148. Tana tashi tana tafiya, amma an sake mata fenti, kuma idan ka shafa hancinta za ka ji tudu da kwari. Ta biyu tana Bauchi, Type 34, sitiyari a dama, lambarta ta fara da 345. Ta daɗe a ƙarƙashin rumfa, injin bai tashi ba tsawon shekaru, gilashin gaba ya tsage daga kusurwa, fitila ɗaya daga cikin ƙananan biyun nan na tsakiya babu ita. Mai ita yana neman ƙasa da kuɗin ta farko, wani bakanike kuma ya ce a sauke injinta a ɗora na Beetle a huta.

Ba motar zuwa aiki nake nema ba. Ta ajiya ce, a fito da ita ranar Juma'a ko lokacin biki, wani sa'in a kai ta Bauchi a dawo. Wacce ta fi daraja a wajen masu tara motoci, wacce kuma za a iya riƙewa a yanayinmu? Me zan duba kafin in biya?

Mai Tsoffin Motoci, Bauchi

Wa alaikumus salam, Malam. Lambobin da ka kawo sun riga sun ba ka rabin amsar. Tun daga Agustan 1964 Volkswagen ta koma buga lambar shasi mai ma'ana: biyun farko nau'in mota ne, ta uku shekarar ƙira, shekararsu kuma daga Agusta take farawa. To 148 na nufin Type 14 da ta fito tsakanin Agustan 1967 da Yulin 1968. Kamata ya yi ka same ta da inji 1500 mai ƙarfin doki 44, lambar injin ta fara da H, wuta 12V, birkin faifai a gaba, wili mai noti huɗu, murfin tankin mai kuma a waje kan madigadin gaba na dama. Ita kuwa 345 ta fito tsakanin Agustan 1964 da Yulin 1965: inji 1500 S mai kafireta biyu, doki 54, wuta 6V, birkin ganga a duk ƙafa huɗu, wili mai noti biyar. Duk abin da ya saɓa wa wannan, wani ya taɓa canza shi.

A kula da abu ɗaya. A tsarin sunayen kamfanin akwai samfurin da shi ma ake kira 345, wato mai sitiyarin hagu da rufin ƙarfe mai zugewa da lantarki. Mai sitiyarin dama 344 ce, idan tana da rufin nan kuma 346. Saboda haka ka tabbatar 345 ɗin da aka karanto maka farkon doguwar lambar shasi ce mai alƙaluma tara. Ka ɗaga kujerar baya, lambar tana buge a kan doron ƙarfen da ya ratsa tsakiyar daɓen motar. Sai ka gwada ta da ta farantin da ke cikin but ɗin gaba kusa da safayar taya. Idan ba su zo ɗaya ba, an ɗora bodi a kan shasin wata motar ne, darajarta ta faɗi ke nan ko da kyanta ya kai ina.

Sunansu ɗaya amma ba 'yan ɗaki ɗaya ba ne. Type 14 ta fito a 1955. Kamfanin Ghia na Turin a Italiya ya zana ta, Karmann ya ƙera bodin a garin Osnabrück na Jamus, aka ɗora a kan ƙafafu da injin Beetle, kunkurun nan da muka sani, sai dai an faɗaɗa daɓen da santimita 16. An ci gaba da yin ta har 1974, rufaffu sama da 360,000, masu buɗaɗɗen rufi kimanin 80,000. Type 34 ta zo a 1961, zanen Sergio Sartorelli, a kan shasin Type 3, wata motar Volkswagen da ta fi Beetle girma, ta fi faɗi, ta fi sarari a ciki, ta fi gudu, kuma ita ce mota mafi tsada da Volkswagen ke sayarwa a lokacin, kusan kuɗin Beetle biyu. Tsadar ce ta kashe mata kasuwa, ga shi ba a taɓa kai ta Amurka a hukumance ba, alhali can ne Type 14 ta fi samun masu saye. Aka tsaya a 1969 bayan an yi kimanin 42,500.

Wannan tarihin shi ke yanke hukunci a yau. Da yake dubban ɗaruruwan Type 14 sun shiga Amurka, har gobe akwai kamfanonin da ke ƙera mata sabon gilashi, robobi, fitilu, bamba da guntayen bodi. Type 34 kuwa yawancin kayan jikinta sai wanda aka ciro daga wata da ta mutu. Ƙarancinta shi ne darajarta, shi ne kuma ciwon kanta.

A cikin Type 14 ɗin ma akwai hawa-hawa. Masu tarawa sun fi zawarcin ta 1955 zuwa 1959, wadda fitilunta ke ƙasa-ƙasa, suna ce mata Lowlight. Ta 1972 zuwa 1974 mai ƙaton bamba da manyan fitilun baya ita ce ƙarshen layi a farashi. Taka ta 1968 tana tsakiya, kuma a ganina nan ne daidai ga mai son hawa: siraran bamba na da, da birki da wuta na zamani.

Oga Injin-Baya, Bauchi

Alhaji ya yi bayanin asali, bari in shiga inji. Da farko dai, Malam, kar ka yarda da maganar ɗora injin Beetle a Type 34. Ba zai shiga ba sai an yanka. Injin Beetle da na Type 14 yana da gidan fanka a tsaye a samansa. Na Type 34 a kwance yake, tsayinsa bai wuce santimita 46 ba, domin an sa fankar a bakin kiranshaf ne, shi ya sa motar ke da but na biyu a baya a kan injin. Wanda zai cusa tsayayyen inji dole ya fasa daɓen but ɗin nan, ya lalata hanyar iska, daga ranar kuma ta tashi daga motar ajiya.

Abin daɗin shi ne cikin injinan kusan ɗaya ne. Kiranshaf mai tafiyar milimita 69, silinda mai faɗin 83 a 1500, ko 85.5 a 1600, ringi, mital, bawul, famfon baƙin mai, yawancinsu suna shiga juna. Kamfanin Volkswagen na Ojo a Legas ya fara harhaɗa Beetle a 1975, Barazil da Meziko kuma sun daɗe suna yin wannan inji, Meziko har 2003, don haka kayan ciki ba sa gagara. A tambaya a Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna ko Ladipo a Legas, abin da babu a yi oda. Abin da ba za ka samu a can ba shi ne kayan wajen injin Type 34: gidan fanka, kwanonin da ke rufe silinda, kafiretocin Solex 32 PDSIT guda biyu da sandunan da ke haɗa su, tukunyar tace iska, salansa. Ka ɗaga murfin ka ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Inji da ya maƙale amma kayansa cikakku ya fi mai tashi da aka yi wa kwaskwarima da kayan wata mota.

Zafi shi ne babban abokin gabarmu. Babu lagireto, iska da baƙin mai ne kawai ke sanyaya injin, mu kuma a Maris da Afrilu Gombe tana kaiwa digiri 40. Kowacce da inda take ciwo.

A Type 14 bel ɗaya ke juya dinamo da fanka. Ya tsinke, fanka ta tsaya, cikin 'yan mintoci inji ya buga. Jar fitilar caji ta kama kana tafiya, ka tsaya nan take, kar ka ce bari in ƙarasa Alkaleri. Bel ɗin ya riƙa lotsawa kimanin milimita 15 idan ka danna da babban yatsa, ana ɗaure shi ne ta hanyar rage wasoshin da ke tsakanin ɓari biyu na fulin dinamo, kuma safaya ba ya rabuwa da but. Na biyu, a injinan kafin 1971 na'urar sanyaya baƙin mai tana cikin gidan fanka a gaban silinda ta 3, wato ta hagu ta wajen gaba, sai iskar da ke isa silindar ta zo da ɗumi. Shi ya sa bawul ɗin hayaƙi na lamba 3 ke fara miƙewa, daga baya kansa ya gutsure ya faɗa kan fistin. Alamar tana zuwa da wuri ga mai auna bawul: duk sabis ka tarar tazarar lamba 3 ta tsuke, to lokacin sauke tof, wato kan silinda, ya yi. Gidan fankar 1971 zuwa sama ya fitar da na'urar waje, ana iya sa shi a injin 1968, kuma a ƙasar nan gyara ne mai amfani. A dai adana tsohon a kwali saboda mai saye na gaba.

A Type 34 bel ɗin dinamo kawai yake juyawa, ko ya tsinke fanka na aiki. Rauninta wata babbar roba ce mai lanƙwasa da ke haɗa bakin fanka da hanyar iskar da ke jikin bodi ta baya. Rana da shekaru suna yaga ta, idan ta yage inji ya riƙa zuƙar iska mai zafi daga wajen salansa yana hura wa kansa. Ba za ka ji wata ƙara ba, sai dai ƙarfi ya ragu a hawan Jos, baƙin mai ya tsinke. Sannan 1500 S matsinta ya kai 8.5, an yi ta ne don fetur mai kyau. Da man da muke samu, idan ta ɗau zafi za ka ji tana ƙyas-ƙyas a hawa, wannan kuwa fistin yake ci. Ko a ja taimin baya kaɗan, ko a sa fistin mai shafaffen kai lokacin haɗa inji.

Ma'aunai na yau da kullum ba su da yawa. Baƙin mai lita 2.5, SAE 40 ko 20W-50, a canza duk kilomita 5,000, lokacin hunturu a rage zuwa 3,000 saboda ƙura, domin injin ba shi da filta sai rariyar ƙarfe a ƙasa da ake wankewa da fetur. Notocin farantin rariyar guda shida ƙanana ne, a ɗaure su da sauƙin hannu, yara masu koyo suna yawan tsinka su. Tazarar kwantak milimita 0.4, fulogi milimita 0.6 zuwa 0.7, bawul milimita 0.15, kuma sai inji ya kwana ya huce sarai. A kawo lamba 1 sama, rota na kallon tsagar da ke bakin distiributa, a auna, sannan a juya inji baya rabin zagaye a yi lamba 2, haka 3, haka 4. Injinan farkon shekarun 1960 masu dogayen ƙusoshin roka tazararsu ta fi wannan faɗi, saboda haka a ta Bauchi a buɗe murfin bawul a gani kafin a sa geji. Taimin kuma kar ya wuce digiri 30 zuwa 32 idan an taka inji ya kai juyi 3,000 a minti ɗaya.

Ta Gombe da ke tashi, ga gwajin da za ka yi a gaban mai ita. Inji a kashe, ka kama babban fulin ƙasa da hannu biyu ka ja ka tura. Iyakar wasan da aka yarda da shi milimita 0.15 ne, kusan ba a gani. Ka ji ƙwas-ƙwas, mazaunin mital ya ci, aikin raba inji biyu ne. A auna matsin silinda huɗun, a samu tsakanin 100 da 130 a gejin psi, kar wata ta yi ƙasa da 'yan uwanta da fiye da 20. Ka duba robar da ta kewaye injin da ƙananan robobin ramin fulogi, ka tabbatar ba a zubar da kwano ko ɗaya ba. Kanikawa da yawa suna cire su wai inji ya sha iska, alhali su ke tilasta wa iskar bi ta jikin silinda. Bayan tafiyar rabin awa ka zaro sandar auna mai: idan ba ka iya riƙe ta da yatsu ba, injin na zafi fiye da kima.

Kawu Fanel-Bita, Gombe

Ƙanena, duk abin da Oga ya lissafa kuɗi ne da aka san iyakarsa. Bodi shi ne ramin da ba a ganin ƙasansa, kuma a Karmann Ghia bodin ake saye, inji kyauta ne.

Beetle madigadinta da noti aka ɗaure, ya lotse ka kwance ka sa wani. Waɗannan biyun ba haka ba ne. Madigadi, hanci da gefuna duk walda aka yi musu suka zama abu ɗaya, a masana'anta kuma da hannu aka cike gaɓoɓin da darma aka goge. Hancin Type 14 ya turo gaba, bamba siriri ne, shi ya sa da wuya ka ga wadda ba a taɓa buga mata hanci ba. Tudu da kwarin da ka ji fila ce, wato kwaɓin da masu gyara ke cike lotsawa da shi. Ka nemi ƙaramin maganaɗisu, ka naɗe shi a ƙyalle don kar ya karce fenti, ka bi da shi daga tambarin hanci zuwa kewayen fitilu da ƙananan tagogin iska biyu. Inda ya kama ƙarfe ne, inda ya saki fila ce mai kauri. A kan gaɓoɓin da aka cike da darma zai ɗan yi rauni, wannan ba laifi ba ne. Daga nan ka cire safayar taya ka leƙa hancin ta ciki da tocila, domin mai fila waje yake gyarawa, ciki yana nan da tamojinsa. Akwai layi mai kaifi da ya sauko tsakiyar hancin. Idan ya dushe ko ya karkace, an gina shi ne da fila. Fila ƙasa da milimita 3 a kan ƙarfen da aka buga ya miƙe ba abin tsoro ba ne. Mai kaurin yatsa kuwa zafin ranarmu zai fasa ta cikin shekara biyu.

Mutane suna cewa motar Arewa ba ta tsatsa. Gaskiya ne idan a Arewa ta yi rayuwarta kuma a inuwa. Wadda ta yi shekaru a Legas ko Fatakwal kafin ta hauro, ko aka bar ta a gindin bishiya damina bayan damina, ganye da ƙura sun toshe ramukan zubar ruwa, laka ta kwanta a ciki tana ci. Wurin farko shi ne dokin ƙofa. Ba fatar waje kaɗai ba ce, a cikinsa akwai bututun da ke kai iskar ɗumi gaba, kuma shi ne ƙashin bayan bodin. Ka sa sukudireba ka danna daga ƙasa tun daga bayan tayar gaba har gaban ta baya. Ka buɗe ƙofa ka ɗaga ta sama: idan ginshiƙin ya motsa tare da ita, ƙasan ya ruɓe. Ka dubi tazarar ƙofa, idan ta tsuke a sama ta buɗe a ƙasa motar ta fara lanƙwashewa. Sai kwandunan fitilun gaba, ramin safayar taya, ƙasan ƙofofi, ƙasan madigadin baya, da inda batir ke zama, wanda a Type 14 cikin ɗakin inji yake, ruwan batir kuma yana cinye kwanon har ya huda.

Bambancin a nan yake. Duk wuraren nan da na ambata, na Type 14 ana sayar da sabon yanki a yanka a liƙa, har daɓen ƙasa ɓari-ɓari. A lura dai daɓen Beetle ba ya yi mata, ya fi nata tsukewa. Na Type 34 kuwa sai mai gyara ya zauna da falle ya buga da hannu, kuma jikinta yana da ƙaƙƙarfan layin nan da ya taso daga hanci ya bi ta saman fitilu ya zagaya gefe. Layin ya kauce da milimita biyu ido zai gani daga nesa. Mai aikin da zai iya wannan ba a kowace tasha yake ba, kuma kar a bar shi ya yi da waldar kabaid a kan faffaɗan wuri, zafin yana murɗe fallen. Ɗigo-ɗigo ake yi da waldar waya, ana bari yana hucewa.

Gilashin gaban nan da ya tsage shi ya fi damuna. Lanƙwasarsa tasa ce ita kaɗai, ba ya shiga daga Type 14, ba ya shiga daga sauran Type 3, masu yankan gilashi na kasuwa kuma shafaffe kawai suke iya yankawa. Sai an nemo daga Turai, a yi masa akwatin katako, a yi addu'a ya iso lafiya. Haka fitilar hazo da ta ɓace da zoben da ke kewaye da ita, haka zagayayyun fitilun baya, haka bamba da siraran ƙarafan ado na tagogi. Kafin ka yi ciniki ka sami farashin gilashin da fitilar a rubuce har kuɗin jirgi da kwastan, ka ɗora a kan abin da mai motar ya faɗa. Araha ba ta ado.

Motar da ta daɗe a rumfa kuma ka duba kujeru da rufin ciki. Cikon kujerun na zaren kwakwa ne, ɓeraye da gara suna son sa, wayoyin bayan dashbod ma ɓera ba ya barin su.

Hajiya Mai Gareji, Bauchi

Ni ban bi ku gaba ɗaya ba. Malam ya ce motar ajiya yake so, ku kuma kuna auna masa da ma'aunin motar hawa. A wajen masu tarawa, abu uku ke sa daraja: ƙaranci, asali, da takarda. Type 14 ta 1968 da aka sake wa fenti aka cika wa hanci da fila mota ce mai kyau, amma irinta na da yawa a duniya. Type 34 ta 1965 mai sitiyarin dama, idan fentinta na masana'anta ne, injinta nata ne, ba a taɓa yanka ta ba, abu ne da ba a cin karo da shi sau biyu. Tsayuwar da ta yi a rumfa ma wata kariya ce, don motar da ba ta tafiya ba ta haɗuwa da masu gyaran gangan. Fenti na asali ko ya dushe kar a taɓa shi, a wanke a goge kawai. Volkswagen na bayar da takardar shaidar ƙira idan aka aika musu lambar shasi, tana nuna ranar da motar ta fito, launinta da ƙasar da aka tura ta. A nema wa duk wadda aka saya.

Sitiyarin dama kuma ya dace da shekarunta, domin sai ranar 2 ga Afrilun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, motocin da aka kawo kafin nan sitiyarinsu a dama yake. Amma nan ne matsalar da ba wanda ya taɓo. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta sha nanata cewa doka ba ta yarda da mota mai sitiyarin dama a kan titi ba. Mayar da shi hagu a Type 34 ba ƙaramin aiki ba ne: dashbod ƙarfe ne da aka yi wa walda da bodi, sai an samo na wata motar an yanka, ga fedoji, ga akwatin sitiyari, kuma ƙafar gaban Type 3 daban take da ta Beetle. An yi haka kuma asalin da ake taƙama da shi ya tafi. Don haka idan Malam na son ya riƙa shiga Bauchi da ita, ya fara zuwa ofishin lasisi da tsoffin takardunta ya ji matsayinta kafin ya biya ko sisi. Kar kuma ya sa rai zai shigo da wata daga waje cikin sauƙi, dokar kwastan ta sa iyakar shekaru ga tsohuwar mota, waɗannan kuwa sun haura hamsin.

Hukuncina: idan gareji da baje koli ne, kuma akwai haƙurin shekara biyu ko uku ana farautar kaya, Type 34. Idan ana son a ji daɗinta bana, Type 14.

Ɗan Pantami, Gombe

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. An duba ta Gombe: lambobi sun zo ɗaya, injin H ne, maganaɗisu ya saki a wuri kamar tafin hannu a hagun hanci, dokin ƙofa lafiya. Ta Bauchi mai ita ya yarda a gwada tayar da injin kafin ciniki. Oga, yaya za a yi kar a lalata shi? Batir 6V kuma babu shi a kasuwa a nan.

Oga Injin-Baya, Bauchi

Kar a fara da makulli. A cire fulogi huɗun, a zuba baƙin mai cokali biyu a kowace silinda, a bar shi kwana uku. Sannan a sa giya ta huɗu a riƙa tura motar gaba da baya a hankali. Ya juya, madalla. Bai juya ba, a ƙara mai a ƙara kwana, kar a ja ta da wata mota, ringi ne zai karye ya karce silinda.

Kafin ya tashi a cire kwanonin sama a leƙa. Inji da ya yi shekaru a tsaye za ka tarar da sheƙar ɓera da gidan zanzaro a tsakanin haƙarƙarin silinda da kan na'urar sanyaya mai, kuma minti goma da wannan sun isa su ƙone tof. A zubar da tsohon baƙin mai, a wanke rariya, a duba ko akwai ɓarɓashin ƙarfe a cikinta, a zuba sabo. Tankin mai kar a yi amfani da shi, ya riga ya yi danƙo da tsatsa. A jawo fetur daga galan da sabon tiyo, a sa kilif a kowane baki, a kuma girgiza ƙaramin bututun tagulla da ke shiga kowace kafireta, domin yana zarewa ya fesa mai a kan inji, yawancin gobarar motocin nan daga nan take. Abin kashe wuta ya kasance a kusa.

Batir 12V kai tsaye zai ƙone ƙwayayen fitila, kwayil, gejin mai da injin waifa. Don gwaji kawai, a raba wayoyin motar gefe, a sa kwayil 12V na wucin gadi daga batir, a ba sitata wuta ita kaɗai. Sitatar 6V tana jure 12V idan ba a wuce daƙiƙa biyar ana murzawa ba, a riƙa hutar da ita. A fara murzawa babu fulogi har matsin mai ya taso, sannan a mayar da su. Kar wani ya kawo sitatar 12V ya ce zai ɗaura: filawil ɗin 6V haƙora 109 gare shi, na 12V 130, ba sa cin juna. Mayar da motar 12V gaba ɗaya ma ba kamar Beetle ba ne, dinamon 12V ya fi kauri, ba ya zama a mazaunin tsohon sai an canza gidan fanka, altanetar Beetle kuma ba ta shiga ƙarƙashin murfin but. Idan ka saye ta, odar batir 6V da tsabtace duk wayoyin ƙasa ya fi sauƙi, ya kuma bar ta a asalinta.

Ya tashi, kar a damu da silo, wato juyin inji idan ba a taka ba, tukuna, kafireta biyu sai an cire sandar da ke haɗa su an daidaita kowacce ita kaɗai. A saurari ƙasan injin ko akwai bugu mai nauyi, a bar shi minti biyar a kashe, a auna matsi. Kar a hau titi da ita ko da zagayen unguwa ne: birkin 1965 layi ɗaya ne, tiyo ɗaya ya fashe duk ƙafa huɗun sun tafi, robobin masta da na ƙafafu kuma sun bushe tuntuni. Lotsawar hagun hancin ta Gombe da ka faɗa, girman tafin hannu aikin kwana biyu ne a wajen Kawu, ka rage kuɗinsa daga ciniki.